Saurayin Da Na Koya Wa Zama

Jama'a, masu zuwa ƙasan rubutuna kuna cewa Yasna ta cika wayo, wata rana wayon zai ƙare mata a ka, ku matso kusa. Yau ranarku ce, kuma ba zan hana kowa dariya ba.

Ga waɗanda yau suka fara shigowa, ni ce autar Don Heriberto Quilodrán, tsohon direban tirela, nan Peñalolén a gindin dutse. Ina aiki a kantin magani. Saurayina Yorman mai aski ne, ɗan Venezuela, dogo, mai fararen haƙora da muryar da in ya kira sunana sai in manta abin da na fito saye. Aibinsa ɗaya ne a duniya, kuma a gidanmu wannan ɗayan ya fi dubu.

A gidanmu ba a tashi don ƙasa ta motsa. Kofuna su yi ta ƙara a kabad, fitilar falo ta yi ta lilo, kowa yana kan kujerarsa. Baba zai ɗaga gira ɗaya, ya dubi fitila, ya kurɓi shayi, ya ce, "Huɗu da rabi."

Mama ta ce, "Kai dai, Heriberto, kullum sai ka rage. Biyar ce."

Sai a duba waya a ga lambar ƙarfin girgizar. Wanda lambarsa ta fi nisa da gaskiya shi ke wanke kwanuka. Tsagar ƙasar nan ta San Ramón mai haddasa girgiza, da ke bi ta ƙarƙashin unguwarmu, wadda 'yan talabijin ke zuwa duk shekara su nuna da sanda su ɗaga wa mutane hankali, Baba maƙwabciya yake ce mata. Ya ce tana barcinta muna namu, kuma bai ga dalilin da zai sa ya zubar da shayinsa don ta yi juyi ba.

Kuma da wannan yake auna maza. Saurayin yayata na farko, wata 'yar girgiza da ko kyanwarmu Pancha ba ta buɗe ido ba, ya fice ta taga da burodi a baki. Yau yana da 'ya'ya uku da wata matar, amma duk unguwa Taga ake kiransa.

To ku ji yadda na haɗu da nawa. Ina wucewa ta gaban shagon aski, ƙasa ta ɗan yi tari, sai ga mutum ya fito a guje da almakashi a hannu, ya yi karo da ni har jakata ta faɗi.

"Baiwar Allah, gudu! Gudu, duniya ta tashi!"

Na ce, "Bawan Allah, uku da rabi ce fa."

Na leƙa shagon, ga wani tsoho zaune da rabin kai a aske yana karanta jarida, ko ɗagowa bai yi ba. Na dubi mai almakashin, idanunsa sun firfito, ƙirjinsa na sama da ƙasa. Wallahi a nan na ji ya shiga raina, ban san dalili ba har yau. Daga Apure ya fito, filin kiwo, inda ya ce in ka ji ƙasa na rawa to shanu ne suka taso.

Ranar da na kai shi gida, Baba ya kalle shi tun daga takalmi har gashin kai, ya ce, "Yaro, ka taɓa jin ta?"

"Wa, Don Heriberto?"

Baba ya nuna ƙasa da cokali.

Yorman ya ce, "Na... mun gaisa."

Na taka ƙafarsa a ƙarƙashin tebur kafin ya ƙara wata kalma. Baba ya ce to, ba ya da matsala da baƙi, ba ya da matsala da masu aski. Ya riƙa zuwa shan shayin yamma duk Lahadi. Ranar da ƙasa ta yi magana yana zaune a teburin nan, ranar za a ba shi amsar neman aurena.

Mama kuwa tana da nata ɗan takarar. Nibaldo, ɗan ƙawarta, mai sayar da kayan gini, mutumin da ko barkwanci aka yi sai ya tambayi ina aka samo shi. Ya sayi gida a hawa na tara, kuma bai taɓa wanke kwano a gidanmu ba, domin lambarsa ba ta kuskure. Mama ta tare ni a kicin ta ce, "Ke Yasna, ni ba zan zauna jiran ƙasa ba. In aka shiga sabuwar shekara maganar mai askin nan ba ta tsaya ba, Nibaldo zai kawo zobe, kuma za ki miƙa yatsa."

"Mama, ba na sonsa."

"Ni ma ban so babanki ba sai da na ga yadda ya ƙarasa miyarsa a girgizar ƙasar shekarar tamanin da biyar."

Kun ga halin da nake ciki. Ina da saurayin da in babbar mota ta wuce sai ya dafa bango, ga uba mai jiran ƙasa, ga uwa mai jiran Janairu. Me za ku yi in ku ne? Ni dai makaranta na buɗe.

Bayan ya rufe shago, sai in zaunar da shi kan kujerar aski, in ba shi kofi cike da ruwa, in koma bayansa in yi ta hira. Yana cikin ba ni labarin mamarsa sai in kama kujerar in jijjiga da iya ƙarfina. Ranar farko ruwan a fuskata ya ƙare, shi kuma a bakin titi na same shi.

"Yasnita, kashe ni za ki yi?"

"Aurenka zan yi, malalaci. Dawo ka zauna."

Na koya masa komai dalla-dalla. Gira ɗaya ake ɗagawa, ba biyu ba, biyu tsoro ne. A dubi fitila kamar ta ba ka haushi. A kurɓa. Sannan a faɗi lamba, kuma ko yaushe a rage, domin matsoraci ne ke ƙarawa. A bencin lambu na jijjiga shi, a kan gadar masu tafiya da ƙafa na yi ta tsalle a bayansa har wata mata ta tambaye shi ko lafiyata ƙalau. Tsakar rana yana aiki sai in tura masa saƙo:

"YANZU!"

Ya dawo min da, "Huɗu da rabi. Miƙo min fiya."

In tura masa zuciya uku.

Wata rana ya riƙe hannuna ya daina dariya, ya ce, "To in babba ce fa?"

Na ce, "Babba ba ta zuwa ranar Lahadi. Kai dai ko me ya faru, kada ka tashi. Ko rufi ne ya sauko, kada ka tashi. Rantse."

Ya rantse da ran mamarsa. Ku riƙe wannan, domin ni da bakina na sa shi.

Lahadi ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Ƙasar da ba ta iya sati biyu ba ta yi atishawa ba, sai ta zaɓi Talata da asuba, ko Juma'a muna wurin aiki. Ranar Lahadi kuwa shiru kamar an yi mata allura. Har na fara tunanin in ɗaura zare a fitilar falo in ja ta ƙarƙashin tebur, amma Kaka Clorinda, mahaifiyar Baba, idonta ya fi na kowa a gidan duk da shekarunta, ita za ta fara kama ni.

Sai Lahadin jiya.

Na sa rigata ruwan ɗorawa mai ƙananan furanni, wadda Yorman ke cewa tana sa shi yanke kunnen mutane, da 'yan kunnen azurfa na Kaka, na ɗaure gashina sama. Shi kuma ya zo da farar riga da ya goge har tana iya yanka hannu, gefen kansa an zana layi tsaf, turarensa ya riga shi shiga falo. Ya kawo wa Mama kek ɗin lemo. Mama ta karɓa ta ce an gode, ta ajiye shi can ƙarshen tebur, ta jawo cukun da Nibaldo ya kawo tsakiya. Eh, ta gayyato Nibaldo. Wai hanya ce ta biyo da shi.

Baba a kujerar kan gaba, Kaka a damansa da shawul ɗinta duk da zafi, ni da Yorman muna fuskantar Mama da Nibaldo. Burodi mai zafi, fiya da aka dama da gishiri, butar shayi mai hular saƙa. Nibaldo yana yi wa Baba bayanin bambancin siminti biyu, ni kuma ina tura wa Yorman saƙo a ƙarƙashin mayafin tebur:

"In ya ƙara cewa siminti zan suma."

"Ki suma ta gefena."

Karnukan unguwa ne suka fara. Sannan wannan rugugin da ke tasowa daga ƙasa kamar tirela ta shigo layi. Cokula suka fara ƙara a faranti. Na ce a raina, Uwa Maryamu, ga ranar nan ta zo, ki riƙe min ƙafafunsa.

Jama'a, da kun ga ɗalibina! Gira ɗaya. Ya dubi fitila kamar ta zagi babansa. Ya ɗaga kofi ya kurɓa. Na ga Baba ya saci kallonsa ta gefen ido, na ga Mama ta taɓe baki. Daɗi ya kama ni har na ji kamar in miƙe in yi rawa.

Amma ba ta tsaya ba. Inda ya kamata ta lafa, sai ta yi wata irin fizga, tebur ya tafi gefe ya dawo, ƙofofin kabad suka buɗe, farantan bikin Mama suka fara fitowa ɗaya bayan ɗaya. Bango ya yi ƙara irin wadda ba ka son ji daga bango.

Kaka ta ajiye kofinta ta ce, "Ku tashi."

Wannan shi ne darasin da ban koyar ba. A gidanmu ba a tashi, gaskiya ne, sai in Kaka ta ce a tashi. Rabon da ta faɗi haka tun ina 'yar firamare, shi ya sa ko a raina bai zo ba in gaya wa Yorman akwai ranar tashi. Kuma in ta faɗa, kowa ya san aikinsa ba sai an yi magana ba. Baba ya sunkuci Kaka kamar jaririya. Mama ta yi ƙofar gaba don ta buɗe kafin ta cije, Nibaldo ya riƙe mata hannu. Ni aikina tukunyar gas ce, tun ina 'yar shekara goma. Ƙafafuna suka kai ni kicin da kansu, ina dafa bango, na murɗe gas, na ga Pancha ta maƙale a bayan firji tana kuka, na fizgo ta, na fita ta ƙofar baya na zagayo.

Muka haɗu a tsakar gida gindin bishiyar lemo, inda babu waya babu bango. Motoci na ta kururuwa a layi, ƙura na tashi daga dutse, matar maƙwabci na kiran sunayen waliyyai ɗaya bayan ɗaya. A hankali ƙasa ta yi ajiyar zuciya ta kwanta.

Nibaldo ya gyara tabarau ya ce, "Wannan ta haura shida da rabi."

Baba ya sauke Kaka ya fara ƙirga mu da yatsa, yadda ya saba, daga Kaka zuwa Mama zuwa ni. "Mama. Eliana. Auta. Nibaldo." Yatsan ya tsaya a iska. "Ina mai askin?"

Na saki kyanwar.

Muka ruga ciki. Falo kamar an yi yaƙi: farantai a farfashe, talabijin ya kifa, hoton auren su Baba a ƙasa, kek ɗin lemo ya manne a bango. Wani ɓangaren filastar rufi ya faɗo daidai tsakiyar tebur ya raba butar shayi biyu. Ga Yorman nan a kujerarsa, bayansa a miƙe, gashin nan da aka zana wa layi ya yi fari fat da ƙura, siririn jini na bin goshinsa. Hannunsa na sama kamar zai kurɓa, amma kofin babu, mariƙin kawai ya rage a yatsunsa.

Ya juyo da kai a hankali ya dubi Baba. Girar nan ɗaya tana sama har yanzu, ina jin ta maƙale ne.

"Huɗu," ya ce, muryarsa kamar ta fito daga rijiya. "Huɗu da rabi, Don Heriberto."

Sai Baba ya fashe da wata dariya da ban taɓa jin irinta ba, ya dafa ƙofa, ya durƙusa, hawaye na zuba.

"Huɗu da rabi! Eliana, kin ji? Rufi a cikin shayinsa, wai huɗu da rabi! Ni da aka haifa a nan na gudu da uwata a hannu, baƙo ya zauna yana raina mata hankali!"

Nibaldo ya ce, "Don Heriberto, a ƙa'ida abin da ya yi ganganci ne, domin..."

"Kai rufe mana baki da ƙa'ida, je ka duba hawa na taranka." Baba ya taka fasassun farantai ya je ya kama kafaɗun Yorman ya jijjiga, ƙura na zuba. "Daga yau kada in ƙara jin Don Heriberto a bakinka. Baba za ka ce. Na ba ka ita. Ɗakin katakon da na gina a sama ma naku ne, ku zauna nan tare da mu. Ya fi ko'ina lilo a gidan nan, amma me lilo zai yi wa irinka?"

Mama ta dubi farantanta, ta dubi Yorman, ta yi alamar gicciye. "To," ta ce, "in dai haka ne, ni na janye." Har ta ciro hankici ta goge masa goshi da hannunta.

Na ci. Kun ji ko? Watanni ina jijjiga kujera, ga shi na ci, Nibaldo ya fita yana kaɗa makullin mota ba wanda ya raka shi. Ina tsaye ina murmushi kamar wadda aka ba kyautar mota, sai na ji an ja min riga. Kaka ce. Ta jawo kunnena kusa da bakinta.

"Je ki cire masa abin nan a hannu. Yatsun ba za su buɗu da kansu ba."

"Kaka, jarumta ce kawai..."

"Ke, ni za ki yi wa? Na ga jarumai, na binne biyu. Wannan yaron ba zama ya yi ba, daskarewa ya yi. Wace 'yar banza ce ta ce masa kada ya tashi?"

Na sunkuyar da kai ina kallon takalmina.

"Na sani," ta ce. "Bakina a rufe yake. Amma ki dubi inda filastar nan ta sauka, ki dubi inda kansa yake."

Na duba. Tsakaninsu bai kai tsawon burodi ɗaya ba. Murmushin ya bar fuskata.

Na je na durƙusa gabansa na buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Sanyi ƙalau kamar an ciro su daga firji. Na raɗa masa, "Mun ci, masoyi. Ka ji abin da Baba ya ce?"

Ya dube ni. Ba harara ba ce, da harara ce da na ji sauƙi. Kallo ne irin na wanda ke son tuna inda ya san ka.

"Zan je in duba shago," ya ce. "Madubai."

Ya gaisa da kowa cikin ladabi, ya ce wa Baba Baba, Baba ya ƙara rungume shi. Na raka shi bakin ƙofa ina ta surutu, wai zan sayi labule shuɗi, wai gadon zai fuskanci dutse. Ya sumbaci goshina ya gangara layi, yana bin tsakiyar titi nesa da kowane bango, farar rigarsa duk shayi.

Kafin rana ta faɗi Mama ta kira 'yan'uwa har na Temuco, labarin yana ƙara girma a kowane kira, a na ƙarshe ma cewa ta yi ya nemi ƙarin sukari. Baba ya hau sama da abin awo yana fito. Ni ina shara a falo, ina tura saƙo da hannu ɗaya.

"Ka isa?"

"Madubai lafiya?"

"Yorman, yi min magana mana."

An karanta, ba amsa. Na tura zuciya. Na tura hoton Pancha. Sai can na ga yana rubutu, ya tsaya, ya ci gaba, ya tsaya. Na jingina tsintsiya na zauna a hannun kujera.

"Madubi biyu sun fashe. Ba komai."

Sannan wani ya shigo.

"Na zauna saboda kin ce in zauna. Ina ta kallon ƙofar kicin, na ce yanzu za ta leƙo ta ce min in taso. Babanki ya ɗauki Kaka. Nibaldo ya riƙe mamanki. Ke kin ɗauki kyanwa."

Na fara rubuta cewa ba haka ba ne, aikina ne gas, tun ina yarinya, jiki ne ya saba. Kafin in gama na uku ya shigo.

"Ba faɗa nake yi ba, Yasnita. Abu ɗaya zan tambaye ki, kuma kada ki rage min lamba. Da kika isa gindin bishiyar nan, kin san ina ciki?"

Jama'a, ku na saba gaya wa abin da ba na gaya wa kowa. Ban sani ba. Ina tsaye gindin lemo ina shafa kan kyanwa ina gode wa Allah kowa ya fito. Sai da Baba ya ƙirga.

Daga sama Baba ya ƙwala min kira, wai in zo in riƙe masa bakin awo, yana son ya ga ko gadon mutum biyu zai shiga. Na ce ina zuwa. Na dubi waya. Yorman yana kan layi, ba ya rubuta komai, jira yake.